Abin da ke riƙe faifai a kan juyi 33 da sulusi: bayani kan lantarkin motar garmaho

Tambayoyin da kuka turo bayan bidiyon makon jiya kusan duk sun taru a wuri ɗaya: me ya sa na ce kada a yi gaggawar sayen garmahon da ya fito daga Amurka, kuma me ya sa allon lantarkin da nake haɗawa ya fi motar kanta cin lokaci. Minti goma sha biyu ba su isa a warware wannan ba, shi ya sa na kawo shi nan a rubuce. Kafin mu shiga, duk inda na ce mota a wannan rubutu ba ta hawa nake nufi ba, ina nufin irin ta fanka da ta injin markaɗe, mai juyawa idan ta sha wuta.

Aikin garmaho a baki ba wuya. Faranti ya juya sau 33 da sulusi a minti, ko 45 ga ƙananan faya-fayai, ko 78 ga tsofaffin nan masu nauyi da saurin fashewa. A gudun 33 da sulusi, juyi ɗaya daƙiƙa 1.8 ne cif. To amma kalmar "daidai" a nan tana da fuska biyu, kuma mutane suna yawan haɗa su.

Fuska ta farko ita ce matsakaicin gudu. Idan faranti ya zarce da kashi 6 cikin 100, duk waƙar ta hau sama da rabin matakin sauti, muryar dattijo ta fara komawa ta saurayi. Wannan abin haushi ne, amma yana gyaruwa: in ka naɗi waƙar a kwamfuta, Audacity ma na kyauta zai rage mata gudu ya mayar da ita mazauninta. Fuska ta biyu ita ce rashin natsuwar gudu a cikin juyi ɗaya. Faranti ya ɗan yi sauri, ya ɗan yi sanyi, ya sake sauri. Idan abin a hankali yake faruwa, ƙasa da kamar sau 6 a daƙiƙa, ni ina kiransa tangaɗi, domin haka sautin yake yi kamar mai maye. Idan ya fi haka sauri, karkarwa ce. Kunnen ɗan Adam ya fi kama shi a wajen sau 4 a daƙiƙa, shi ya sa ma'aunan da kamfanoni ke amfani da su suke ba wannan yanki nauyi na musamman. Tangaɗi da karkarwa in suka shiga naɗi, fitar da su babban aiki ne.

Kuma ba kowane kiɗa ne ke tona asirinsu ba. Ka sa faifan Shata, kalangu da kansa yana hawa yana sauka da murya, sai ya lulluɓe maka aibin na'urar. Kuntigin Ɗan Maraya Jos bugunsa gajere ne, shi ma yana da sauƙin yafiya. Amma ka sa algaita ko goge, inda ake jan sauti ɗaya a riƙe shi, nan take za ka ji yana lilo. Nan Alƙahira gwajin da ya fi tsanani shi ne faifan Ummu Kulsum, wurin da take jan harafi ɗaya ga tarin masu goge a bayanta.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni ke nan. Masar ta daɗe da faifai. Taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, zamanin Sarki Fu'ad na ɗaya, an naɗi mawaƙansa a faya-fayan 78. Mawaƙi Muhammad Fauzi ya kafa kamfanin Misrphon mai buga faifai a ƙarshen shekarun 1950, gwamnati ta karɓe shi a 1961, daga baya aka san shi da Sautul Ƙahira. Har yau in ka bi Suƙul Juma'a ko shagunan tsofaffin kaya na tsakiyar gari za ka ci karo da faya-fayansu. Mu ma a gida akwai na Shata da Ɗan Maraya da sauransu a akwatunan iyaye, wasu waƙoƙin ba a taɓa ɗora su a intanet da sauti mai kyau ba. Faifan da ya shekara arba'in ko hamsin ba abin sakawa kullum ba ne. Sau da yawa dama ɗaya ce: ka wanke, ka naɗa, ka adana. In na'urar da ka naɗa da ita tana tangaɗi, shi ne za a gada.

Mota mai bin bugun wuta

Wutar soket ba a tsaye take ba, tana kai da komo. A Masar da Najeriya da Nijar sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, a Amurka sau 60. Japan ma biyu ta raba, gabashinta 50, yammacinta 60. Yawancin garmaho masu bel ko masu tayar roba na da suna amfani da motar da ke kulle kanta da wannan bugu. Lissafinta gajere ne: ka ninka bugun wutar da 120, ka raba da yawan kawunan maganaɗisun motar. Mai kawuna 24 a kan 50 Hz tana juyi 250 a minti. Sai a sa mata ƙaramin fuli, bel ya rage gudun kashi 7.5, ka sami 33 da sulusi. Babu allo, babu ƙwaƙwalwa, kafasita ɗaya ce kawai da wayoyi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, matuƙar wutar ƙasarku mai riƙe alƙawari ce.

Yanzu ka ɗauki wanda aka ƙera don Amurka, an yanka fulinsa don 60 Hz, ka kawo shi Kano ko Alƙahira. Mai shago zai haɗa ka da taransifomar da ke sauke wuta daga 220 zuwa 110, ya ce shi ke nan. Taransifoma ƙarfin wuta take canzawa, ba ta taɓa bugu. Farantin zai yi juyi 27.8 maimakon 33 da sulusi, waƙar minti 20 ta koma minti 24, murya ta sauka fiye da rabin mataki uku. Maganinsa sai an canza fuli ko an ƙirƙira masa wutarsa ta kansa.

Ko da wanda aka yi don 50 Hz ne, a gida akwai wata matsalar. Ƙa'idar layin wutar Najeriya ta ce bugu ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25, in an shiga matsi kuma tsakanin 48.75 da 51.25. Wannan gefe na biyu kashi 2.5 cikin 100 ne sama ko ƙasa. Ƙaramin janareta kuwa sai abin da Allah ya yi. Injinsa yana buƙatar juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 Hz. In makaniki ya ɗan ɗaga masa wuta ya kai 3,120, bugu ya zama 52, faranti ya koma 34.7. Firji ya tashi, injin ya nisa, waƙa ta nisa tare da shi. Inbata ta fi janareta riƙe bugu, domin agogon cikinta take bi, sai dai mai arhar nan da wutarta ke fita da kusurwa-kusurwa tana sa irin wannan mota gurnani da zafi.

Ga kuma tarkon da na fi son ku gane. Ɗigo-ɗigon da ke gefen faranti, da 'yar fitila ja mai haska su, an yi su ne don duba gudu. Fitilar da ke kan 50 Hz tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, 6,000 a minti. Raba da 33 da sulusi, ka sami 180, shi ne yawan ɗigon layin. In gudu ya yi daidai, kowane ƙiftawa ɗigo na gaba ya zo mazaunin na baya, sai ido ya ga kamar sun tsaya. To amma idan fitilar da motar duk daga soket ɗaya suke karɓar bugu, wuta ta tafi 52, mota ta ƙara gudu, fitila ma ta ƙara ƙiftawa da daidai wannan kason. Ɗigo suna nan tsaye cak, suna shaida maka cewa lafiya lau. Mai laifi da mai shaida uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Gwajin da ba ya ruɗi kuma ba ya cin ko sisi: manna 'yar takarda a gefen faranti, ka ƙirga juyi 100 da agogon wayarka. Ya kamata ka sami daƙiƙa 180. A kan 45 kuma daƙiƙa 133 da sulusi. Ko yatsanka ya makara da sulusin daƙiƙa, kuskuren bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba.

Ƙirƙiro wutarka

Hanya ta farko ta raba gari da wutar soket ita ce ka bar motar yadda take, ka haɗa mata wuta mai bugun da kai ka zaɓa. Kiristal, wannan ɗan ƙarfen mai kama da ƙwayar magani da ke cikin agogo, yana bugu da daidaiton da kuskurensa bai cika wuce kashi 30 cikin miliyan ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa, irin STM32, ta ƙirga wannan bugu, ta karanto siffar igiya mai santsi daga jadawali, amfilifaya ta ƙarfafa ta, mota ta sha.

Riba uku ake samu. Bugu ya daina dogaro da kowa. Canza gudu ya koma danna maɓalli: 50 Hz don 33 da sulusi, 67.5 Hz don 45, ba sai ka ɗaga faranti ka matsar da bel da hannu ba. Ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa ba. Irin wannan mota koyil biyu gare ta, kuma tana son wutar na biyun ta biyo ta farko da tazarar rubu'in zagaye, digiri 90. Kafasitar da kamfani ya sa kintace kawai take yi, ga shi tana tsufa. In ka haɗa igiyoyin biyu da kanka, kana iya murza tazarar kaɗan-kaɗan, yatsanka a jikin motar, har ka ji rawar ta kwanta. Bayan faranti ya kama gudu kuma sai ka rage ƙarfin wutar, domin riƙe gudu ba ya buƙatar abin da tayarwa ke buƙata.

Wata 'yar fadakarwa ga masu Arduino Uno: ƙwaƙwalwar da ke gudanar da shirinka a wannan allo ba kiristal take bi ba, wani ɗan abu ne na tangaran wanda zai iya kaucewa har kusan kashi 0.5 cikin 100. Don kunna fitila ba komai. Don zama ma'aunin da za a auna garmaho da shi, bai cancanta ba.

Mota a ƙarƙashin faranti kai tsaye

A 1970 kamfanin Matsushita ya fito da Technics SP-10, aikin injiniya Shuichi Obata da abokan aikinsa. Suka jefar da bel da tayar roba, faranti ya zauna a kan sandar motar kai tsaye, motar da kanta take juyi 33 da sulusi. SL-1200 ta biyo a 1972, sai SL-1200MK2 a 1979, wadda gidajen rediyo da masu kiɗan biki a duniya suka riƙe shekara da shekaru. Alƙalumanta a takarda: tangaɗi da karkarwa kashi 0.025 cikin 100, kuma daga tsaye zuwa cikakken gudu daƙiƙa 0.7. An dakatar da ƙera ta a 2010, aka dawo da layin a 2016 da sabuwar mota.

Mota mai juyi a hankali haka ba ta da wani bugun waje da za ta kulle da shi, dole sai an sa mata ido. A ƙarƙashin farantin akwai wani zobe da ke fitar da ɗan bugun lantarki gwargwadon gudun juyi. Tsarin farko-farko yana mayar da wannan bugu ya zama ƙarfin wuta, ya gwada shi da wani ƙarfin da aka ajiye a matsayin ma'auni, in ya gaza a ƙara wa mota, in ya zarce a rage. Yana aiki, amma ma'aunin da kansa yana motsi da zafin ɗaki da tsufan kayan, shi ya sa irin waɗannan suke da ɗan maɓallin murzawa da kake ta gyarawa.

Abin da kiristal ya kawo ya wuce ma'auni mai kyau kawai. Ka ɗauki direba biyu daga Kano zuwa Zariya. An ce wa na farko ya riƙe kilomita 80 a awa. Ya tarar da shingen bincike, ya rage gudu, ya wuce, ya koma 80. Ya bi umarni, amma mintunan da ya rasa sun tafi. Na biyu an ba shi takarda mai lokacin da zai wuce kowane dutsen kilomita. In shinge ya makarar da shi, sai ya ɗan ƙara wuta har ya biya bashin. Kullen kiristal irin na biyun ne: kowane bugu da ya fito daga faranti ana gwada lokacin isowarsa da na takwaransa daga kiristal, a auna tazarar, a biya. Saboda haka matsakaicin gudu ba shi da inda za shi, daidaitonsa ya zama na kiristal ɗin. A Turance PLL ake ce wa wannan da'ira, ni ina ce mata kulle-taku.

Sai dai biyan bashi ma yana da ladabi. Direban da ke taka totur da birki da ƙarfi duk bayan daƙiƙa zai isa a kan lokaci, amma fasinja sun galabaita. Idan ka tsananta gyaran, faranti zai riƙa farautar gudun, ya wuce ya dawo, kuma in farautar ta faɗo kusa da sau 4 a daƙiƙa ka zuba ta daidai inda kunne ya fi ji. A ganina yawancin sukar da masoya bel ke yi wa mota kai-tsaye daga nan ta samo asali, daga na'urori masu arha da aka haɗa wa faranti marar nauyi da gyara mai zafin rai. Farantin MK2 kusan kilo 2 ne, kuma nauyin yana aiki: shi ke shanye ƙananan girgiza masu sauri, lantarki kuma ya ji da jan hankali. Allura da kanta tana ja. Nauyin giram 2 a bakin faifai ƙarfin da yake ja da shi ƙanƙani ne idan aka gwada da abin da motar ke iyawa, amma yana canzawa da ƙarfin kiɗan da ke cikin layin, kuma ma'aunin da muke magana a kansa kashi ɗaya ne cikin dubu huɗu.

Wanda nake haɗawa, da inda wahalar take

Kayan duk a Babul Luƙ na same su, unguwar da ke tsakiyar Alƙahira kusa da Tahrir, inda shagunan kayan lantarki suke jere a titin Falaki da kewayensa. Duk ɗalibin injiniya a garin nan ya san wajen, kamar yadda mai gyaran rediyo a Kano ya san layukan Sabon Gari. Allon STM32F103, direban mota mai layi uku, da motar gimbal irin ta riƙe kyamara, marar burushi, mai ramukan koyil 12 da kawunan maganaɗisu 14.

Matsala ta farko kana jin ta da hannu tun kafin ka sa wuta. Juya irin wannan mota a hankali, za ka ji tana cijewa tana saki kamar taya a hanya mai gargada. Maganaɗisu ne ke jan haƙoran ƙarfen da aka naɗe koyil a kansu. A mai 12 da 14, gargadar sau 84 ce a juyi ɗaya. A gudun faifai wannan ya kama kusan 47 Hz, sautin ƙasa ne da lasifika za ta fitar sarai. Wannan ne dalilin da ya sa motar Technics ta 2016 ba ta da ƙarfe a cikin koyil ɗinta sam: ba haƙori, ba gargada.

Ta biyu ita ce yadda ake ba koyil wuta. Hanya mai sauƙi, wadda direbobin jirage marasa matuƙi ke bi, ita ce mataki shida: a kunna layi biyu, a kashe, a koma na gaba. A nan ƙarfin murɗawa yana faɗuwa da kusan kashi 13 cikin 100 tsakanin mataki da mataki, sau 42 a kowane juyin wannan mota, kusan 23 Hz. Farfela ba ta damu ba. Faifai ya damu. Dole a ba layukan uku igiya mai santsi, kowace tana bin 'yar'uwarta da digiri 120, a kuma san inda maganaɗisu yake a kowane lokaci.

Wannan ya kawo mu ga ta uku, wadda ita ce ainihin aikin: ma'aunin juyi, wato inkoda. Wadda kowa ke fara ɗauka ita ce AS5600, mai karanta ɗan maganaɗisu a kan sanda, tana raba zagaye gida 4,096. Adadin yana da yawa a ido. To yi lissafi. A 33 da sulusi, gida 2,276 ne ke wucewa a daƙiƙa. In shirinka yana duba gudu sau 1,000 a daƙiƙa, kowane dubawa zai ga gida 2 ko 3. Wato ma'auninka yana tsalle da kusan kashi 40 cikin 100, kai kuma kana neman 0.025. Mafita ita ce a juya tambayar. Maimakon ƙirga gidaje a cikin lokaci, a ƙirga lokaci tsakanin gidaje. Inkoda mai haske da ke ba da bugu 2,000 a juyi tana fitar da ɗaya duk bayan daƙiƙa 0.0009. Agogon STM32F103 yana bugawa sau miliyan 72 a daƙiƙa, saboda haka tsakanin bugu da bugu zai ƙirga 64,800. Ƙirga ɗaya a ciki kashi 0.0015 ne cikin 100. Yauwa, yanzu muna da sikeli.

Amma sikeli mai ƙananan layuka ba lallai ya zama mai gaskiya ba, kuma a nan ne yawancin masu haɗawa a gida suke faɗawa rami. A ce faifan inkodar bai zauna a tsakiyar sanda cif ba, har karatun kusurwa yana kaucewa rabin digiri gaba, rabin digiri baya, sau ɗaya a juyi. Rabin digiri ba ya ganuwa. Amma in ka mayar da shi gudu, ya zama kusan kashi 0.9 cikin 100 sama da ƙasa. Faranti yana tafiya lafiya, inkoda ta ce yana tangaɗi, ƙwaƙwalwa ta yarda, ta shiga gyaran abin da bai lalace ba. Sakamakon: a allon kwamfuta layin gudu miƙe sambal, a kunne kuma algaita tana lilo. Irin shaidar fitilar ɗazu ce ta dawo da wata riga. Injiniyoyin Japan sun kauce wa wannan ta hanyar sa zoben nasu ya karanta da'irar gaba ɗaya lokaci guda, yadda kaucewar wani gefe za ta soke ta ɗaya gefen.

Mu da ba mu da masana'anta, hanya biyu ce. Ko ka sa idon karatu biyu suna fuskantar juna, ka ɗauki tsakiyar abin da suka ce. Ko kuma ka koya wa ƙwaƙwalwar ƙaryar inkodarta: ka kai faranti gudu, ka yanke wa mota wuta gaba ɗaya, ka bar shi yana sauka da kansa. Faranti mai nauyi a kan boris mai kyau a hankali yake rage gudu, ba ya tsalle. Duk wani hawa da sauka da ke maimaita kansa a wuri ɗaya kowane juyi, ka ajiye shi a jadawali, ka riƙa cirewa. Ni ta biyun nake bi, sai dai da sharaɗi: a cire motar gimbal daga sandar yayin wannan awo, in ba haka ba gargadarta, wadda gaskiya ce, za ta shiga jadawalin a matsayin ƙarya.

Kada kuma a manta da maƙwabciyar motar. Kan allura irin na maganaɗisu yana fitar da wajen milibolt 5 ne kacal. Amfilifayar farko tana ninka shi sau 100 a tsakiyar sauti, kuma saboda tsarin RIAA da aka daidaita a kai tun 1954, sautin ƙasa ana ninka shi kusan sau 1,000. Direban mota kuwa aikinsa kunna wuta da kashewa dubban sau a daƙiƙa, santimita kaɗan daga wannan waya. Ka ɗaga kunna-kashen sama da 20,000 a daƙiƙa, ka murɗe wayoyin mota tare, ka raba hanyar ƙasan mota da ta sauti su haɗu a wuri ɗaya tak, taransifoma kuma ta zauna a akwatinta daban, nesa.

Masu tambayar mota mai taku

Da yawanku sun ce me zai hana a sa sitefa, irin ta firintar 3D, tunda ba ta buƙatar inkoda. Don faifai, a'a. Taku 200 gare ta a juyi, kowanne digiri 1.8, wato taku 111 a daƙiƙa, kuma ko da TMC2209 mai daddatsa kowane taku gida 256, gargadar ƙarfenta tana nan. Amma farantin da kuke gani ina ɗora wayoyi a kai yana juyawa a bidiyoyinmu, sitefa ce a ƙarƙashinsa, kuma a can ta dace, domin kyamara ba ta jin 111 Hz kuma abin da ake so shi ne tsayawa a kusurwa sananniya. Abu ɗaya za ku kula da shi: in kuna son hoto 24 a zagaye, digiri 15 kowanne, taku 3,200 na direba mai datsa 16 ba ya rabuwa da 24. Sa bel GT2 daga fuli mai haƙori 20 zuwa mai 60, zagaye ya zama 9,600, kowane hoto taku 400 cif.

To wanne za a saya? In don naɗar faya-fayan gida ne a Kano ko Maraɗi, inda yau wutar gwamnati gobe janareta, ni tsohon garmaho na Japan mai kullen kiristal zan nema, a duba cewa yana karɓar 220, a canza masa kafasitocin da suka bushe. Mai bel da motar da ke bin bugun wuta sai in za ka haɗa masa wutarsa. Kuma kada a kashe kuɗi wajen bin 0.025 alhali ramin tsakiyar faifan da kansa ya kauce. Kaucewar milimita 0.3, a layukan ciki inda allura take milimita 70 daga tsakiya, tangaɗin kashi 0.4 ne cikin 100, ya ninka na motar fiye da sau goma. Nakamichi sun taɓa ƙera garmaho a shekarun 1980 mai auna wannan kaucewa ya gyara zaman faifan da kansa. Kai da ido za ka yi: kalli hannun allura daga sama, in yana kai da komo gefe-gefe kowane juyi, ɗaga faifan ka ɗan matsa shi iyakar sararin da ramin ya bari, ka sake gwadawa har lilon ya ragu, sannan ka danna naɗi.

Na yi odar faifan gwaji mai sautin 3,150 Hz. In ya iso, a bidiyo na gaba za mu ɗora shi a kan wanda na haɗa, jadawalin inkoda a kunne sannan a kashe, ku ji bambancin da kunnenku.